Furen Roƙo

Inna ta fita takaba wata Laraba cikin damina. Ta yi wanka, aka raba gumba, 'yan'uwa suka yi wa Baba addu'a suka watse, ita kuma ta koma ɗaki ta zauna daidai inda ta shafe wata huɗu da kwana goma tana zaune. Muka ce gajiya ce. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, Inna ba ta leƙa ko zaure ba. In an kai mata tuwo ta yi loma biyu ta ture kwanon. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, in ka gaishe ta sai ta ce lafiya lau tana kallon bango. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma sai ta zagaya shi kusan sau biyu.

Ni lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Damagaram, hutu ne ya kawo ni gida Matamaye. Da Oktoba ta kama dole in koma bakin aiki. Yayana yana gona, amma da an ɗaure hatsi zai tsallaka Kano cin rani yadda ya saba, matarsa kuma ga goyo ga girki. Ko dai in ajiye aikin da na sha wuya kafin in samu, ko in tafi in bar Inna a haka. Gaskiya tsoro nake ji. Na rasa uba, kuma ina kallon uwar tana bin sa a hankali, ba abin da na iya.

Na roƙi majon asibitinmu ya zo har gida. Ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya ce jininta ya hau, ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri. Da na raka shi ƙofa ya ce mini, "Madam, na jinin zan iya. Sauran ba na allura ba ne." Na ji haushinsa ranar, don ni allurar nake so a yi a gama.

Ranar kasuwa sai ga Gwaggo a amalanke. Yayar Baba ce, tana zaune a wani ƙauye wajen Kurni, 'yar tsohuwa ƙarama wadda haƙoranta suka rine da goro da furen taba. Mata daga nesa suke kai mata yara masu zafin haƙori da masu jego da nono ya ƙi zuwa. Ni da ita kuwa ba mu cika shan inuwa ɗaya ba. Tun da na fara aiki take ce mini madam lakwal, ni kuma ba na iya haɗiye magana.

Ta shiga wajen Inna ta daɗe. Ban ji sun yi wata hira ba. Da ta fito sai ta yafito ni bakin murhu.

"Ƙwayar majo kada a fasa ba ta," in ji ta. "Nawa kuma ga shi. Furen zogale cikin tafin hannu, da kan ɗoɗɗoya mai fure guda uku. A zuba musu ruwan zafi a rufe, kada a tafasa, ta sha da hantsi. In an samu furen lalle a ƙulle a tsumma a ajiye mata wajen matashi. Amma da sharaɗi. Ba a saye, ba a aike. Ita za ta shiga gidan mutane ta yi sallama ta roƙa, ta tsinka da hannunta. Gidan da ta shiga yau ba ta koma masa gobe. Kwana goma sha huɗu."

Na ce, "Gwaggo, ga zogale nan bayan ɗakinmu ya yi fure fari fat."

"Na gida ba ya yi."

"Me ya raba shi da na maƙwabta? Ba iri ɗaya ba ne?"

Ta tofar da tukar goro ta dube ni. "Madam lakwal, ai da kin warkar da ita tun kafin in zo, da kin hutar da jakin mutane." Ta yafa mayafi ta ce za ta gaisa da mutanen unguwa, ba ta dawo ba sai la'asar, daga nan ta hau amalanke ta koma.

Washegari na faɗa wa Inna. Ta ce, "Ba ni iyawa," ta juya. Rana ta biyu na sake, ta ba ni amsa ɗaya. To ni ga tausayi, ga kuma ɗan karatun da ke kaina yana gaya mini fure fure ne, ko a gidan wa ya tsiro. Matar da ba ta iya zuwa bakin randa sai da dafa bango, ita zan ja tana yawon gidaje kamar mai tallar daddawa? Na zaga bayan ɗaki na tsinko namu, na haɗa yadda aka ce, na kai mata. Ta sha. Yana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, ƙamshinsa kuma kamar na zuma. Ta ce yana ɗumama mata ƙirji, na ce alhamdu lillahi, ashe ma an huta.

Har aka cika kwana tara da tafiyar Gwaggo ina wannan wayon. Inna tana sha, tana nan inda take.

Rana ta goma Gwaggo ta dawo. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta leƙa ɗaki, ta fito, ta kama ni a wuyan hannu kamar yarinyar da ta fasa tulu, ta ja ni waje. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ya ba ni mamaki.

Gidan Hajiya muka fara shiga, maƙwabciyarmu ta tsallaken lungu. A gindin zogalenta ga tabarma a shimfiɗe, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Hajiya ta leƙa bayanmu, ta ga mu biyu ne kawai.

"Yau ma ba ta samu fitowa ba?" ta ce. "Kullum da hantsi nake shimfiɗawa, in rana ta take tsaka in naɗe. Furar sai jikoki su shanye."

A gida na biyu wata tsohuwa ce ta hana surukanta yankan ganyen zogale don kwaɗo tun ranar da Gwaggo ta zo, wai kada furen ya zube kafin Inna ta iso. Surukan suna ta kumbure-kumbure. A gida na uku wata ce da mijinta ya rasu bara, ta kewaye ɗoɗɗoyarta da ƙaya saboda awaki. Ashe gaisuwar da Gwaggo ta ce za ta yi ranar nan, gida goma sha huɗu ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta jera su daga na kusa zuwa na nesa, ta gaya wa kowace mace ranarta. Ta ce kada wadda ta zo gidanmu, su jira ta zo da ƙafarta, in ta zo a zaunar da ita, kada a yi mata gaisuwar mutuwa, an riga an yi.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa 'yan ajina, ga shi ya shaƙe ni a gaban matan unguwa. Amma bakina bai mutu ba. Da muka fito lungu na ce, "To me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya miki ki gaya mata? Ke da bakinki ba ya riƙe ruwa." Ta saki hannuna. "Kin san uwarki. In roƙon fure ne, tana iya shiga gidan kowa, magani ne, ba abin kunya. In ta ji lallashinta aka taru za a yi, gara mata ta ƙare a ɗaki."

"Wato furen ba komai yake yi ba ke nan."

"Wa ya ce miki? Ni da nake ba mutane shi tun ba a haife ki ba. Yana yi. Amma ba ya ɗaukar mutum ya kai shi ƙofa."

Da muka koma gida ta kira Yaya ta ce ya kawo adda. Tana tsaye ya sassare duk reshen zogalenmu mai fure, aka zuba wa awaki. Ya dube ni, na kau da kai. Sannan ta shiga ɗaki ta zauna bakin gadon Inna, ni ina tsaye a ƙofa.

"Wanda kika sha kwanakin nan na bayan ɗaki ne, ba shi aka ce ba," ta ce mata. "Hajiya ta ajiye miki nata, ta hana kowa taɓawa. Yau kwana tara baiwar Allah tana jiranki."

Inna ta ɗago. "Kwana tara?" Ta dube ni, irin kallon da na sani tun ina ƙarama. Inna tana iya haƙura da yunwa, tana iya haƙura da ciwo, amma a ce ta bar mutum yana jiranta, wannan ba ta iya ɗauka. Can ta ce a miƙo mata mayafi.

Tsakanin ƙofarmu da ta Hajiya bai fi taku ashirin ba. Sau biyu ta tsaya tana dafa katanga. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture. Ta yi sallama da wata 'yar murya, ta ce ta zo roƙon fure. Hajiya ta ce ga bishiya nan, ai taki ce. Ta tsinka, rabi yana zubewa ƙasa. Aka ce ta zauna ta huta, aka buɗe fura. A gidanmu da ta ture, amma a gidan mutane ba a mayar da hannun kyauta, ta sha ludayi uku. Na ƙirga.

Kada in yi ƙarya in ce daga nan komai ya miƙe. Rana ta uku aka wayi gari da yayyafi, ta ce ba inda za ta. Na yi lallashi, na yi roƙo, daga ƙarshe zuciya ta ɗebe ni na ce, "In kin bi shi, mu ki bar mu da wa?" Na je bayan rumbu na yi kuka na ƙoshi, ina jin haushin kaina. Har yau in na tuna na ɗaga wa Inna murya sai in ji ba daɗi. Washegari ita ta riga ni neman takalmi.

A gidan matar nan da ta rasa miji bara ne Inna ta yi kuka. Suna tsugune gaban ɗoɗɗoya, matar ta ce ita har yanzu in ta auna tsaki sai ta auna da rabonsa, sai ta zuba a tukunya take tunawa. Inna ta ce ita ruwan alwala take tashi ta zuba a buta biyu. Daga nan muryarta ta karye. Matar ta yi mini alama da ido in fita, na koma zaure na zauna ina jiyo su. Ranar Inna ta yi barcin rana har sai da aka tashe ta sallar la'asar.

Gidajen suna ƙara nisa, ƙafar tana ƙara ƙarfi. Wani gidan a ba ta dafaffiyar gyaɗa, wani a yanko mata rake, wani a ja ta gardamar wa ya fi iya dakan fura a unguwa. Furen lallen ma an samu a gida na goma, ɗakinta ya riƙa ƙamshi. Da majo ya sake awo ya ce jinin ya sauka, ya ce ai ƙwayar nan tana da kyau. Da Gwaggo ta ji ta ce furenta ne. Na bar su, ban raba musu gardama ba, ni na riga na ji jiki.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Kwana goma sha huɗun sun cika, gidaje sun ƙare, kuma na ga ta yi kwana biyu ba ta fita ba. Na haɗa kayana ina ta saƙe-saƙe, in tafi ko in zauna.

Safiyar da zan tafi na shiga yi mata sallama, na tarar da ɗaki wayam, an gyara gado. Matar Yaya ta ce ta ga ta ɗauki 'yar ƙwarya ta fita tun rana ba ta yi zafi ba. Na bi lungu ina tambaya, ana nuna mini gaba, har na kai gidajen da ke kusa da garake. Wani gida ne da ban taɓa shiga ba. Yarinyar gidan, wadda aurenta bai fi shekara biyu ba, ɗanta na fari ya rasu cikin daminar, an ce tun lokacin ba ta fita tsakar gida sai dole.

Na tarar da Inna tsaye a ƙofar ɗakin yarinyar da ƙwaryarta. Tana cewa, "'Yata, fure na zo roƙo, ga shi duk ya hau sama, hannuna ba ya kaiwa. Taimaka ki fito ki tsinko mini." Na dubi bishiyar. Ga reshe nan ya sunkuyo har kafaɗar Inna, fari fat.

Labule ya motsa. Yarinyar ta fito tana kare ido da hannu, ta nufi bishiyar a hankali. Inna ta bi ta tana nuna mata wancan, a'a, na samansa. Sai ta waiwayo ta gan ni.

"Ke har yanzu kina nan? Mota za ta bar ki. Je ki, 'ya'yan mutane suna jiranki. Allah ya kiyaye hanya."

Ta juya ta ci gaba da nuna reshe.

Na koma na ɗauki jakata na tafi tasha. Tun da mota ta tashi hawaye ke zuba, na kasa tsayar da su har muka wuce Kance. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dafa gwiwata ta ce, "'Yata, rasuwa aka yi?"

Na ce, "A'a, Iya. Ba a yi ba."