Ba Goge Ba Ne, Hajiya

Bakina ne ya ja mini, ba kowa ba. Da ranar nan na ce "kiɗan Turawa" na wuce, da babu abin da zai faru. Amma ni mai son a ce Hausata ba ta lalace ba bayan shekara ashirin da ɗoriya a Maryland ta Amurka, sai na tsaya neman kalmar da ta fi dacewa.

Babbar 'yata ce za ta yi aure. A nan aka haife ta, a nan ta girma, tana jin Hausa sarai amma amsa sai da Turanci. Angon ma haihuwar nan ne, iyayensa mutanen Zariya. An shirya a ɗaura aure a masallaci da safe, da la'asar kuma a yi liyafa a wani otal a Alexandria. Komai na biki yarinyar nan ta sakar mini: anko, lalle, abinci, har jerin waɗanda za a gayyata, wanda ya yi ta kumbura saboda ba na iya haɗuwa da mutum a kanti in ƙi ce masa ya zo. Abu biyu kawai ta riƙe. Lokacin da za ta shigo zauren ba ta son kiɗan na'ura, tana son makaɗa huɗu masu fayolin, irin waɗanda ke zama a kujera da baƙaƙen kaya suna kallon takarda. Sannan kakarta ce za ta riƙo hannunta su shigo tare.

Kakar ita ce mahaifiyata, Hajiya, wadda ta iso daga Kano saura sati uku biki. Tsakaninta da 'yata akwai wasan jika da kaka. "Ƙawata" suke ce wa juna, kuma ita kaɗai ce yarinyar ke daurewa ta yi wa Hausa.

Ranar muna kicin a gidanmu na Mitchellville, Hajiya tana tsinkar alayyafo, amarya tana gefe tana ta canza kiɗa a waya.

"Wai me take ta saurare tun safe?" in ji Hajiya.

"Kiɗan biki take zaɓa. Makaɗa huɗu za su zo."

"Masu kalangu? A ƙasar nan?"

"A'a, Hajiya, masu..." Na yi ta lalube. Har na ɗora hannun hagu a kafaɗa ina goga na dama a kai. "Masu goge."

Hajiya ta ajiye alayyafon.

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da na ɓaro. A kunnen tsofaffinmu goge ba kiɗa ba ne kawai, kiɗan 'yan bori ne da gidan giya da matan da suka ƙi zaman aure. Mahaifin Hajiya kuwa limamin unguwa ne, har yau in aka ambace shi sai ta gyara mayafi. Na san duk wannan. Kawai dai bakina ya riga hankalina.

"Goge," ta ce. "Har huɗu."

"Ba goge ba ne, Hajiya, fayolin ne."

"Ke kika ce goge."

"Kwatance na yi."

"To kwatancen ya fito. Ku yi bikinku lafiya. Zan je masallaci in yi addu'a, amma ƙafata ba za ta taka inda ake goge ba." Ta ɗauki carbinta ta haye sama.

Kwana huɗu muna abu ɗaya. Na nuna mata hoton makaɗan a waya, da rigunansu a goge tsaf, ta ce ai ɗan duniya ya fi kowa iya sa kaya. Na ce a gaban sarakunan Turawa ake yin kiɗan nan, ta ce su ma Allah ya shirye su. Maigidana, wanda ya iya sulale wa rigima tun muna amarci, ya ce shi suruki ne, ba ya shiga tsakanin uwa da 'ya, ya ɗauki makullin mota. Ni kuma na koma kan yarinyar, na ce ta haƙura a sa kiɗan na'ura kamar kowa. Ta dube ni ido ya ciko, ta ce tun tana aji uku na firamare, da aka kai su kallon makaɗan nan, take ganin ranar aurenta haka. Ban taɓa sani ba. Na ji kunya, don ni ce na sa hannu a takardar tafiyar kuma ban tambaye ta abin da ta gano ba.

Ita ce ta warware, ba ni ba. Ta shiga ɗakin Hajiya ta zauna a ƙasa, ina jin su daga bakin ƙofa.

"Ƙawata, zo ki ji kawai. In ba kyau, ki kore su."

"Ni zan kore su?"

"Ke. Da kanki."

Hajiya ba ta taɓa ƙin aikin korar mutane ba. Ta ce a shirya mota.

Makaɗan ɗalibai ne masu karatun kiɗa a College Park, mata biyu maza biyu. Sun ba mu lokaci ranar Asabar da hantsi, a wani ɗaki mai kujerun roba da allo. Hajiya ta shiga da sallama, ta zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, ta rungume jaka. Ta ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya. Shugabarsu, wata siririya mai tabarau, ta ɗauki gora ta kurɓa.

"Tambaye ta me ke cikin gorar nan."

"Ruwa ne, Hajiya."

"Tambaye ta dai."

Na tambaya. Ruwa ne.

Uku daga cikinsu suna saƙale fayolin ɗinsu a ƙarƙashin haɓa. Na huɗun, wani dogon saurayi, nasa ya kusa kai shi tsawo, sai da ya kafa shi a ƙasa ya rungume tsakanin gwiwoyi. Hajiya ta ce wannan ce uwar gogen kenan. Suka miƙo mana takarda mai sunayen kiɗa kusan arba'in, babu wanda zan iya furtawa ban ciji harshe ba. Suka ce za su riƙa ɗanɗana mana kaɗan-kaɗan mu zaɓi na shigowar amarya.

Suna fara na farko na ce a tsaya. Ni mai haɗa magani ce a kantin magani, kuma wannan kiɗan shi ake sa mini a waya duk ranar Allah in ina jiran 'yan inshora su ɗauka. Na ce in aka sa shi ranar bikin, zan iya miƙewa in fara karanto lambar majinyaci. Amarya ta harare ni, amma ta soke shi.

Na biyu ya taho a hankali, a sanyaye. Ba su yi nisa ba Hajiya ta sunkuyo.

"Wa ya rasu?"

Na uku kuwa kamar an biyo su. "Amaryar da gudu za ta shigo? To ni gwiwata ba za ta iya ba." Na lura ta ce gwiwata, amma na yi kamar ban ji ba. Na huɗu ta ce duk surutu ne, kowa yana maganarsa babu mai sauraron wani, kamar taron mata a gidan suna. Ina fassara musu abin da zai fassaru, suna dariya, har dogon ya ce a gaya wa kaka ta fi malaminsu tsanani.

Ana cikin haka shugabar ta ɗauko wani ɗan dunƙule mai kalar zuma ta fara goga wa sandar da take ja a kan tsirkiya.

"Ƙaro ne," in ji Hajiya. Ba tambaya ta yi ba. "Miƙo mini sandar nan."

Aka miƙa mata. Ta juya ta, ta kai kusa da ido, ta shinshina.

"Gashin wutsiyar doki ne wannan?"

Na tambaya. Yarinyar ta ce ƙwarai, na doki ne.

Hajiya ta juyo ta dube ni. "Izgar doki da ƙaro. Kika ce ba goge ba ne."

A raina na ce shi kenan, yanzu za a yi korar. Sai daga baya na tsaya tunanin inda 'yar liman ta san ƙaro da izga.

Ba ta kore su ba. Ta mayar da sandar da hannu biyu, ta ce duk abin da suka kaɗa babu na amarya a ciki. Kiɗan amarya, in ji ta, sai wanda mai jinsa zai rasa dariya zai yi ko kuka. Amarya ta ce, "To yaya yake, ƙawata?" Hajiya ta gyara zama. Can sai ta fara wani amo a maƙogwaro, baki a rufe, babu kalma ko ɗaya. Yana hawa kaɗan, ya tsaya kamar mai waiwaye, ya sauko. A iya rayuwata ban taɓa jin uwata ta rera wani abu ba in ba karatu ba.

Dogon saurayin ne ya fara kamawa da uwar gogen. Ya bi ta a hankali, ya kuskure, ta girgiza kai ta maimaita. Ya sake, ta ɗaga yatsa: "A nan yake jan shi, ba ya sauri." Ban fassara ba, kuma ya gane. Sai shugabar ta shigo daga sama, sauran biyun suka tallafa daga ƙasa. Kafin rabin awa abin ya tashi ya zama kiɗa sosai, shugabar tana ta rubutu a takarda da fensir. Amarya tana share ido da bayan hannu. Hajiya kuwa ta miƙe ta ce azahar ta yi, a tafi.

A babban titin da ya zagaye Washington muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak. Amarya tana tuƙi, ni ina gaba, Hajiya tana baya tana kallon taga. Na daure na ce, "Hajiya, kiɗan nan, wa yake jan shi?"

"Yayana."

Na san 'yan'uwan Hajiya kaf, har da waɗanda suka rasu suna goye. Ban san wannan ba.

Ta ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, shi take bi. Tun yana saurayi goge ya shiga ransa, aka yi faɗan, aka yi dukan, bai bari ba. Malam, mahaifinsu, ya ce kada ya ƙara taka masa zaure, kuma kada a ƙara kiran sunansa a gidan. Haka aka yi. Ranar da za a kai ta ɗakin miji, ana fitowa da ita daga lungu, sai ta ji goge daga gindin wata bishiya. Wannan kiɗan ne. Ta san shi ne, don da shi yake lallashinta tana ƙarama. Matan da ke riƙe da ita suka ƙara sauri.

"Ina lulluɓe. Da na ɗaga mayafin kaɗan da na gan shi. Na ji tsoron Malam, ban ɗaga ba." Ta gyara jakar a cinyarta. "Daga nan ya tafi Kumasi. A can ya rasu."

Motar gabanmu ta matsa, muka matsa.

"Ba don mutane na ƙi ba," ta ce. "Tsoro na ji kada in ji goge in yi abin kunya a gaban surukai."

Amarya ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "In kin yi kuka, ni ma zan yi. Sai a ce ni ce na fara."

"Ke dai kalli hanya, kada ki kashe mu saura sati biyu."

Ranar biki, bayan la'asar, zaure ya cika maƙil da ankon da na zaɓa. Makaɗan huɗu suna gefen hanyar da amarya za ta bi. Aka buɗe ƙofa, dogon ya ja izgarsa, surutu ya mutu. Suka shigo a hankali daidai gwiwar Hajiya, amarya a lulluɓe, hannunta cikin na kakarta. Da suka zo daidai makaɗan sai Hajiya ta tsaya. Mai tsara bikin ta fara yi mini alama da ido daga nesa, na ɗauke kai. Hajiya ta sa hannu ta ɗage wa amarya mayafin kaɗan, ta juyar da ita wajensu, su biyun suka tsaya suna kallon masu kiɗan har aka kai wurin nan da ake jan shi. Sannan ta sauke mayafin suka ƙarasa. Kuka kam an yi shi, kuma ni ce na fara.

Bayan an natsa ana cin abinci, wata gwaggon ango ta matso teburinmu, dattijuwa mai yawan carbi. Ta ce kiɗan nan ya taɓa ta, wai me ake ce wa abin da yaran nan ke kaɗawa?

Na yi maza na buɗe baki. "Fayo..."

"Goge ne," in ji Hajiya. Ta kalli matar ido cikin ido. "Kiɗan kuma na yayana ne."