Ɗanyen Dabinon Inna

Lokacin da aka kawo ni gidan miji a Matamaye, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, na tarar da surukata tana da wata magana guda da ba ta gajiya da ita. Ita ba haifaffiyar garin ba ce. Can wajen Bilma aka haife ta, ƙasar gishiri. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai ubanta, wanda bafatake ne, ya ɗora ta a raƙumi ya kawo ta wurin danginsa. Ta ce duk abin da ta baro can ta manta, ban da ɗanyen dabino. In ayarin Buzaye ya sauka bayan kaka aka sayo mata busasshe, sai ta juya shi a hannu ta ce mu ba mu taɓa cin dabino ba, gawarsa muke ci. Tana faɗa tana ci, har ta cinye tas.

Mijina shi ne autanta. Mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba, ni kuwa Allah ya ba ni baki, don haka gidan bai taɓa yin shiru ba. Ashe duk ƙwallon da Inna ta tofar yana bi yana tsincewa. Ya je ya binne su a gefen fadamarsa, bayan albasa da rake, bai gaya wa kowa ba. Sai da rani ya yi na kai masa fura, na gan shi da tulu yana shayar da wasu tsirrai masu kama da ciyawa. Na tambaye shi me ake yi wa wannan hidima haka. Ya ce dabinon Inna ne, yana so ta ci ɗanye kafin ta bar duniya.

Na yi dariya, maƙwabta ma suka yi. Wani yayansa ya ce masa ko jikokinsa ba za su ci ba, balle tsohuwar da ta fara neman sanda. Maigida ya ce to, ya ɗauki tulunsa.

Na zauna da mutumin nan har furfura, kuma na ga wasu irinsa a garin, masu sa abu a gaba har su kai shi inda suke so. Ban ga sun fi kowa wayo ba. Nawa dai, in ana maganar wayo, ko akuya tana iya yi masa. Abin da na gani shi ne ba ya tashi da safe ya tambayi ransa ko yau yana jin zuwa. Da ya sallame asuba ƙafarsa ta san hanya. Ba ya kuma jin kunyar tambaya, ko yaro ya gani da abin da bai sani ba sai ya tsaya. Awaki suka shiga suka cinye rabin shukar, ya sare ƙaya ya sake shinge. Gara ta kashe wasu, ya zuba toka a gindin sauran. Duk ranar da aka yi masa ɓarna sai ya dawo gida ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙarin miya. Ni ce nake yin fushin a madadinsa, ina bin masu awaki gida-gida.

Shekaru suka tafi. Ƴarmu ta fari, wadda nake goyo lokacin da na ga tsirran, har ta fara daka. Idon Inna ya dushe, haƙoranta suka zube, ta daina fita ko ƙofar gida. Ni dai in na dube ta na dubi itatuwan, sai in ga ita tana sauri su kuwa ba sa yi.

Wani sanyi sai suka yi fure. Waɗanda suka riga furewa, furensu fari ne, in ka taɓa sai ya zubo da gari. Dattawan unguwa suka je suka duba, suka ce waɗannan maza ne, har abada ba za su yi ɗa ba. Mu mutanen giginya ne da goriba, ba mu taɓa ganin wanda ya taya giginya haihuwa ba. Maigida ya yi tunani irin na manomi: ga maza suna shanye ruwan da mata za su sha. Kafin matan su buɗe ya sa gatari ya sare mazan duka, har saiwa ya haƙe. Da ganyensu muka gyara dangar gida, kowa yana yaba masa.

Matan suka yi ƴaƴa, amma sirara, babu ƙwallo a ciki, ga bauri, kuma yawancinsu suka zube tun ba su nuna ba. Ya ce ko don haihuwar fari ce. Shekara ta zagayo, aka sake yin haka. Ya tsinto masu dama-dama ya kawo wa Inna. Ta sa ɗaya a baki, ta fitar a hankali don kada ya ji ciwo.

"Auta, ka bar wahalar nan," in ji ta. "Na yafe. Allah ya yi maka albarka."

Ya ce amin. Da safe na ji ƙarar tulu.

Da Buzaye suka sauka a zango bayan kaka, ya ɗauki fura ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har ya samu wani tsoho da ya sha zuwa Bilma. Ya lallaɓa shi ya kai shi fadama. Tsohon ya zagaya itatuwan, ya ga ramukan da aka cike, ya tambaya me ke nan a da. Da aka gaya masa sai ya yi salati. Ya ce a can, in mace ta buɗe, mutum ne yake yanko furen namiji ya hau ya cusa mata a cikin nata ya ɗaure da kaba, in ba haka ba sai dai irin ƴaƴan da muke gani. Namiji ɗaya ma ya ishi fadamar duka.

Ranar maigida bai iya cin tuwo ba. Ya zauna ya tasa akushi a gaba, ya ce, "Ashe da hannuna." Wallahi sai na ji tausayinsa ya rufe ni. Can sai ya ɗago ya tambaye ni ko a cikin dangina na Ɗan Barto akwai wanda ya taɓa ganin dabino a tsaye.

Ya je Ɗan Barto, babu. Ya je Yauri, aka nuna masa wani, ashe mace ce ita ma. Sai a wata fadama gaba da Icirnawa ya samu namiji guda, wanda ya fito da kansa, ba wanda ya kula shi. Mai wurin ya yi dariya ya ce ya ɗauke itacen duka in yana so. Amma lokaci ya wuce, furen ya bushe ya kakkaɓe, namu ma sun rufe. Sai wata shekarar.

Da damina Inna ta kwanta. Kunu ma sai na tallafe kanta take kurɓa. Na tare maigida a zaure na gaya masa gaskiya, na ce ina tsoron tsohuwar nan ba za ta ga kaka ba, ya rage zuwa fadama ya zauna kusa da ita. 

"Ranta na Allah ne," in ji shi. "Abin da ke hannuna shi ne in kula da su."

Amma daga ranar, in ya dawo sai ya zauna a ƙofar ɗakinta yana ba ta labarin itatuwan, wadda ta yi sabon ganye da wadda ta karkace. Ta ga kaka, ta ga sanyi.

Da sanyin ya kama, ya yi ta sintiri tsakanin Matamaye da Icirnawa, don kada furen ya fashe ba ya nan. Ranar da ya samu ya naɗo shi a cikin rigarsa, ya dawo daga shi sai wando. Bai shigo gida ba, fadama ya wuce. Ƙayar dabino ta yayyage masa hannuwa, sai da na dafa ruwa na gasa masa. Da bazara nonnan dabinon suka yi nauyi, suka yi ruwan ɗorawa, tsuntsaye da jemagu suka ji labari. Ya kwashe mini tsofaffin tabarmi ya naɗe nonnan da su, na yi ta mita bai ko waiwayo ba.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da na farko suka yi laushi. Bayan la'asar ya shigo da su a ƙoƙo. Muka fito da Inna inuwa, na jingina ta a jikina. Ya durƙusa ya sa mata ɗaya a tafin hannu. Ta shafa shi da yatsa, ta kai hanci, sannan ta sa a baki. Ta daɗe tana juya shi da dasashi, ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba.

Sai ta fara magana, amma ba da Hausa ba. Wani harshe ne da ban taɓa jin ta yi ba, shi ma bai taɓa ji ba. Muryarta ta koma siririya, tana yi tana tsayawa kamar mai jiran amsa, fuskarta tana kallon wani wuri a sama da kanmu. Na gane da uwarta take. Hawaye suka zubo mini a kan ɗankwalinta.

Maigida bai san kalma ko ɗaya ba a cikin abin da take faɗa. Amma duk inda ta tsaya sai ya matso ya ce, "Na'am, Inna," ita kuma ta ci gaba.