Saniya a Zauren Baba

Shekarar da na gama koyon zane a jami'a na dawo gida Roni, lokacin da arzikin man fetur ya fara kai rediyo har ƙauyuka, na zo da wani zane da nake ji da shi. Shuɗi ne da ja, sai wasu baƙaƙen layuka karkatattu.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Akwai mai rai a ciki?"

"Babu, Baba. Ba hoton komai ba ne, launi ne kawai."

"Ashe duk shekarun nan ba komai ka je koyo."

Amma tunda babu mai rai, ya yarda na rataye shi a zaure.

Ran nan wani amininsa Bafulatani ya zo gaisuwa daga Gwiwa. Ko zama bai yi ba ya nuna bango da sandarsa. "Alhaji, ai saniyar nan ciki gare ta."

Baba ya waiwaya, ya ƙanƙance ido. A fuskarsa na ga lokacin da saniyar ta fito masa. "Subhanallahi! Ga ƙaho, ga tozo!"

Na rantse ban zana saniya ba. Na yi masa bayanin da aka yi mana a aji: ido launi da layi kawai yake kai wa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta iya haƙura, sai ta lalubo abin da ta saba gani ta liƙa, kamar yadda yara ke ganin raƙumi a gajimare.

Baba ya ce, "To tawa ta liƙa. Juya shi."

Na mai da kansa ƙasa, aka samu lafiya. Sai ga Gwaggo, yayarsa, daga Babura. Tana shigowa ta kalli zanen, ta ce wallahi direban da ya taɓa sauke ta a tsakiyar hanya ne, har da hularsa. Baba bai san direban ba, amma ya ce lallai wannan hancin na mutum ne.

Muka rataye shi a gicciye, Baba ya kafa doka: duk wanda ya ga wani abu ya bar wa cikinsa. Baƙi su kalla, su buɗe baki, su tuna, su rufe.

Da aka tura ni koyarwa Kazaure na zo zan ɗauki zanen, ya hana. "Bar shi nan. Shuɗin nan yana kwantar min da hankali bayan la'asar." Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Sai dai kwanan nan akwai wani kifi daga hagu. Kada gwaggonka ta ji."