Bang Leman da Kulocin Hannuna

Kafin rana ta leƙo ta bayan itatuwan roba, Bang Leman (Bang, wato yaya, haka muke kiran manya a nan) ya riga ya dawo daga masallaci, ya ɗaga ƙofar garejinsa da ke bakin hanyar Khuan Don, ya rataye kejin kurciyarsa a ƙarƙashin rumfa. Sai ya share ƙasa, ya jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba, sannan ya tsallaka titi wajen mai shayi ya zauna a kujerar da kowa ya san tasa ce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin ya huta, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa tun yana ji da kunnensa, ko da zai harare ni.

Sunana Wahap, direba ne ni. Kwakwar manja nake ɗauka daga gonaki zuwa wajen awo a tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal. Kusan duk mai zama a teburin shayin nan sana'arsa ke nan, don haka hirarmu ba ta wuce mota. Bana kuwa magana ɗaya ce tal: sababbin motocin da aka ce suna tafe. Abokina Toleb ne sarkin labarin, kullum waya a hannu, gurasarsa ta roti na hucewa a gabansa. Yau ya ce za su zo da matatar hayaƙi a cikin salansa. Gobe ya ce har da wani tanki daban na ruwan tsabtace hayaƙin, kuma duk a wuyan mai saye za a ɗora tsadar. Jibi ya ce an yi ban kwana da giyar hannu, giya goma ce mai canza kanta. Wani ya ce ƙarya ne, takwas ce. Rannan saura kaɗan a ba hammata iska a kan motar da babu wanda ya taɓa ganin ko tayarta.

Shi Bang Leman ba ya shiga musun. In an matsa masa, yakan ce abin da yake tsoro ɗaya ne, kada matatar ta riƙa toshewa, tunda motocinmu yini suke suna rarrafe a gona, ba sa samun titi su yi gudu su ƙone tokar. Amma bai taɓa zagin sababbin ba. "Ku saurari ƙirjina da safe," in ji shi. "Ni na sha hayaƙin nan shekara arba'in. In sun ce za su tace, ku bar su su tace." Masu zuwa ya buɗe musu famfon mai don motar ta riƙa turnuƙe mutane da baƙin hayaƙi kuwa, shayi yake saya musu ya sallame su. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyen nan, a idon kowa ya kwance injuna goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su, duk suka tashi.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba baƙi haushi. Ba ya taɓa motarka sai ya shiga gefenka kun zaga gari, ya ga yadda kake tuƙi. A wajensa rabin ciwon mota daga mai ita yake. Nawa laifin kuwa sananne ne: hannuna na hagu ba ya sauka daga kan giya, ko ina kan miƙaƙƙen titi. Shekara ashirin yana buge min hannu yana cewa ina cinye masa cikin giya, ni kuma ina ce masa motar ai ba tasa ba ce.

Bara ciwon suga ya ci ƙafata ta hagu, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ƙafar kuloci ke nan. Na dawo gida na tarar da motar a ƙarƙashin mangwaro, ganye ya cika bayanta. Masu gonakin da nake wa dako sun yi min kara na wata biyu, amma kwakwa ba ta jiran kowa, in ta nuna sai a ɗauke ta. Ɗaya bayan ɗaya suka fara kiran wasu direbobi. Matata Piah ta ƙara yawan bishiyoyin robar da take tsagawa. Wallahi na ji tsoro. Tuƙi kaɗai na iya, kuma ban ga kaina ina zaune a baranda ina kallon motocin mutane har ƙarshen rayuwata ba.

Toleb ya zo da nasa maganin. Wai in yi haƙuri sabuwar mai canza giya da kanta ta fito, babu ruwana da kuloci. Na tambaye shi yaushe. Ya ce baɗi, ko baɗin baɗaɗa. Na ce ya tashi ya ba ni wuri kafin in jefe shi da sandar da nake dogarawa.

Bayan kwana biyu sai ga Bang Leman a kan baburinsa. Bai yi min jaje ba, ya riga ya yi wannan a asibiti. Cewa ya yi in shiga mazaunin direba, shi ya shiga gefe, inji a kashe, wai in tuƙa ya gani. Na ce haukan tsufa ya fara kama shi. Ya ce in tuƙa dai. Na kama sitiyari da dama, kafin in ankara hagun ya koma inda ya saba. Ya daɗe yana kallon hannun, sai ya yi dariya.

"To, Wahap, mugun halin nan naka yau zai yi rana. Tunda ya ƙi sauka, bari mu ba shi aiki."

Hannun birkin babur ya samo, ya ɗaure a jikin sandar giya, ya ja waya zuwa kuloci. Na farko ya yi tauri, kwana ɗaya yatsuna suka kumbura. Na biyu ya yi laushi da yawa, motar ta zabura ta kwantar da ayabar Piah guda uku, Toleb ya samu abin ba da labari na mako guda. Bang Leman ya kwance ya sake. A na uku ya ciro tukunyar iskar birki daga wata matacciyar mota ya haɗa, yadda yatsa biyu sun isa su ja. Da kansa ya raka ni ofishin lasin, ya buɗe komai ya nuna musu har suka gamsu.

Ranar gwaji muka loda kwakwa har ta yi tozo, muka nufi hawan nan na bayan makaranta. Muna tsakiyar hawan ya ce in tsaya. Na ce a nan? Ya ce a nan. Na tsaya, gumi na bin bayana, kaya na jan motar baya. Na damƙe hannun kulocin, na sa giya ta ɗaya, na taka totur, na saki yatsu a hankali. Ta yi ɗan nishi ta hau. Ban san ina hawaye ba sai da na kasa ganin hanya sosai. Shi kuwa abin da ya ce kawai shi ne har yanzu ina saurin sakin kuloci.

Bang Leman, mai jin ciwon inji kafin inji ya yi kuka, kai ne ka duba ragowar jikina ka ga akwai direba a ciki, lokacin da ni kaina na daina gani. Kai ne ka mayar min da gonaki bakwai cikin taran da nake wa dako. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka tarin nan, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu gareji da za ku karɓi sababbin motoci da na'urorinsu, ku koyi na'urar, babu laifi. Amma ku riƙa shiga gefen mai motar ku zaga da shi tukuna.

Jiya na ji cewa wajen 'yarsa zai koma a Krabi, tafiyar awa biyar, kuma ta nemi ta turo motar haya ta kwashe kayansa. Na same shi na ce shawara ce mai kyau, hanyar akwai hawa da gangara. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce:

"Na ce mata ta bar shi, ina da direba."

Ranar Asabar da hantsi ina ƙofar gidanka, Bang. Ka ɗaure kayan da kyau.