Na yi wa Iya tatsuniya da rana

Ina riƙe da kofin kunun gyaɗa, Iya ta juya fuskarta bango. Kakata ce, ciwon mantuwa ya kama ta, ba ta gane mu. Tun jiya ta ƙi cin komai, wai ita ba ta cin abinci a gidan mutane.

Yayana ya taɓa nuna mini a waya wani mutum-mutumi da ke yi wa tsofaffi waƙa da labari a ƙasar waje. Mu a Ruwan Bago ina muka ga wannan? Sai na matsa kusa da ita, na ce a hankali, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ta juyo da sauri. "Ke! Tatsuniya da rana tsaka? So kike ki ɓata a hanyar kasuwa?"

Na ce, "Yi haƙuri, Iya."

"Uwarki ba ta gaya miki ba? Miƙo kunun nan, kin sa maƙogwarona ya bushe."

Ta shanye tas. Sunana dai ba ta tuna ba, amma faɗan irin na jika ta yi mini.

Masu tsofaffi a gida, ku yaya kuke yi in sun ƙi ci?