'Yar China ta fito a matsayina

Iyaye, ina gargaɗinku: kada ku yanke hukunci a kan abin da ba ku gani ba.

Daga kasuwar Baima na wuce wani ɗan ɗaki da ake bikin wasan kwaikwayo na masu tasowa, don in janyo 'yar farina gida. Karatu na turo ta Guangzhou, ba wasa ba.

Ashe ita ta rubuta wasan, a kan uwar da kunya ta hana ta kiran sunan 'yar farinta. Da Sinanci ake yi, kalma ɗaya na gane: "Ke!" Wata 'yar China ce uwar, da ɗaurin ɗankwalina da hararata sak. Tsohuwar da ke gefena tana ta share hawaye. Na fasa janyo yarinyar, na kalli wasan har ƙarshe.

Da aka tashi 'yar tawa ta zo ta durƙusa. "Umma, kin yi fushi?"

"Ke, wa ya koya wa waccan hararata?"

"Wata uku tana koyo, Umma. Har yanzu ba ta kamo ki ba."

Ku da ya za ku yi? Ni dai na kafa doka: ta ci gaba da wasanta, amma kowane rubutu sai ta fara karanta mini shi da Hausa.