Ƙahon da Suke Kira Buta

Alwyn Haigh bai taɓa sayen sabon abu ba muddin tsoho yana nan. Ƙahon da yake busawa ma na hannu ne. Ya saye shi wurin matar wani mabushi da ya rasu, a shekarar da ya fara sauka ramin kwal, kuma tun a lokacin tagullar ta dushe. An rufe ramin, ciyawa ta rufe bakinsa, amma ƙungiyar mabusan ramin ta ƙi mutuwa. Har yau suna haɗuwa ranar Lahadi bayan abincin rana a ɗakin bayan kulob ɗin ma'aikata, kuma kujerar Alwyn tana sahun gaba, wurin masu jan waƙa.

A ƙungiya irin tasu ba a korar mutum. Idan busarka ta yi rauni, wata rana za ka shigo ka tarar kujerarka ta koma sahun baya, wurin masu amshi, kuma ba wanda zai ce maka shi ya ɗauke ta.

Tun rasuwar matarsa Beryl, gidan Alwyn ya koma shi da rediyo. 'Yarsa takan bugo waya daga garin Hull ta tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce ya ci, ta ce yara na kiranta. Ɗakin nan na bayan kulob shi ne kaɗai wurin da ya rage da ake ɗaga murya a kira sunansa.

Abin ya soma ne bayan an sa masa haƙoran roba. Leɓe ya daina kama bakin ƙaho yadda ya saba. Ranar da sautin sama ya fara tsage masa a tsakiyar waƙa, kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya jijjiga ƙahon, ya leƙa cikinsa yana tsaki. Stan Bairstow, tsohon abokin aikinsa a rami da ke zaune kusa da shi, ya ce, "Jama'a, ku kawo kofuna, buta ta tafasa!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Daga ranar sunan ƙahon ya zama Buta. Alwyn ya karɓi sunan hannu bibbiyu, har shi yake fara tsokanar. Da ya shigo sai ya ɗaga akwatin ƙahon ya ce, "Yau tsohuwa da mura ta tashi, ku yi haƙuri da ita." Bai taɓa zama ya tambayi kansa dalilin da ya sa zagin ƙahonsa yake masa daɗi haka ba.

Sai gasar yanki ta matso. Trevor Sykes, jagoran ƙungiyar, ya tare shi a bakin ƙofa yana wasa da makullan motarsa.

"Dattijo, maganar Butar nan. Ko dai ka kai ta a gyara, ko ka ɗauki ɗaya cikin sababbin ƙahonin ƙungiya. Ga su can cikin kabad suna shan ƙura."

"Sabo? Waɗannan masu ƙyalli kamar cokalin biki?"

"To a gyara ta. Ɗaya dai, kafin gasa."

Alwyn ya hau bas ya shiga gari, akwatin a cinyarsa, har shagon Doreen Firth mai gyaran kayan busa. Shagon na warin mai da dalma.

"Alwyn Haigh! Ashe kana raye. Na zaci sai a jana'izarka zan ga ƙahon nan."

"Ke za ki riga ni, da wannan tabar taki." Ya buɗe akwatin. "Na san dai ta gama yawo. Irin kayanta ai an daina yi. Sai an aika nema nesa ko? Wata da watanni?"

Doreen ta ɗauki ƙahon. Ta danna maɓallansa uku tana saurare. Ta toshe faffaɗan ƙarshen ƙahon da tafin hannu, ta hura, ta bi jikinsa da kunne.

"'Yar toshiyar wurin zubar da yawu ce ta ruɓe. Ita kaɗai."

Kafin ya gama kwance gyalen wuyansa ta sa sabuwa. Ta goge bakin ƙahon da gefen rigarta, ta kafa leɓe, ta haura da sauti har can sama inda shi ya daɗe bai kai ba. Ya fito siriri, tas. Alwyn ya ji ya tsani matar nan har cikin ransa.

Ya kai dubansa bango, inda sababbin ƙahoni suke rataye. Su ma ba mafita ba ne. Ba wanda yake yi wa sabon ƙaho dariya. Idan sauti ya tsage a cikinsa, mai busawa ake kallo.

Doreen ta ajiye ƙahon a hankali. "In kana so, ka bar ta nan har bayan gasa. Sai in ce aiki ya yi mini yawa."

"In na bar ta, Trevor sabo zai miƙo mini."

"Haka ne kuma."

Ya rufe akwatin ya fita bai yi sallama ba.

Ranar Lahadi ya zauna a kujerarsa, ya ce an gyara. Trevor ya ɗaga 'yar sandarsa ta jagora, aka fara. Waƙar ta tafi lafiya har wurin da sahun gaba suke haurawa sama, nan sautin Alwyn ya tsage, ƙarara, kamar an yage tsumma.

Ba wanda ya yi dariya. Alwyn ya jira, dariyar ba ta zo ba.

Can sai Stan ya yi gyaran murya. "Doreen ta tsufa, wallahi. Hannunta ya lalace. Bara ma haka ta yi mini."

"Ƙwarai," in ji wani daga baya. "Kowa na kuka da ita."

Da sauri suka yarda, saurin ya yi yawa. Trevor ya duƙufa a kan takardun waƙa kamar yau ya fara ganinsu. A nan Alwyn ya gane cewa ba yau suka sani ba. Tun ranar farko sun sani. Sunan Buta Stan ya raɗa shi ne don ya rufa masa asiri, sauran suka taya shi riƙewa, shi kuma yana ta murna ya ruɗe su. Yanzu ga shi sun shirya ɓata sunan Doreen don ya ƙara 'yan makonni a sahun gaba.

Da aka tashi shan shayi, bai bi su ba. Ya ɗauki kujerarsa da kansa ya kai ƙarshen sahun baya, kusa da bututun ɗumama ɗaki. Da suka dawo da kofuna a hannu, kowa ya gani, kowa ya nemi wurinsa. Stan ya zauna, ya ɗan matsa ya cike gurbin da Alwyn ya bari.

Takardar masu amshi baƙuwa ce a wurin Alwyn. Rabinta jira ne. Ya yi ta ƙirga a zuci yana kallon ƙeyar Stan, har wurin shigarsa ya zo. Ya busa sautin ƙasa guda ɗaya, dogo. Ya fito daidai, ba ko gargada, ya nutse cikin na sauran. Ba wanda ya waiwayo.